Nauyin Baya

Iliyasu ya zura ƙarafan motar ɗaga kaya ƙarƙashin akwatin, ya ja liba a hankali. Akwatin bai motsa daga kan tirela ba. Tayoyin bayan motarsa ne suka bar ƙasa. Ya sauke, ya kashe.

"Mi yaf faru?" in ji Alhaji Jelani, mai wurin casar shinkafar, wanda ya yi wata bakwai yana jiran sabon injin nan ya iso Wurno.

"Ya fi ƙarfinta, Alhaji. Tan biyu da rabi taka ɗauka. Wanga ukku na."

Alhaji ya juya. "Maccido!"

Maccido ya taso yana gyara wando, wasu leburori biyu na biye. Haka ake yi a wurin tun kafin a ɗauki Iliyasu aiki: in kaya ya rinjayi mota, sai ƙattai su ɗale bayanta su danne. Maccido, taubashin Iliyasu, ya fi kowa ƙiba, kuma yana alfahari da hakan.

"Matsa, tsinke," ya ce yana ɗale bayan motar. "Tuwon matata Bara'atu ba banza nika ci nai ba."

"Sauka," in ji Iliyasu. "In sarƙa ta tsinke, sama za ta watsa ka. Wa ka iya tare ka?"

Aka yi dariya, ban da Alhaji. Direban tirela ya ce shi kam da la'asar zai wuce Goronyo lodin albasa, ko an sauke ko ba a sauke ba.

"Iliyasu, wata biyu gare ka nan," in ji Alhaji. "Ko ka ɗaga, ko ka ba ni makulli."

Iliyasu ya dubi makullin. Shekara huɗu ya yi yana dako a kasuwa kafin ya samu kujerar nan. Ya tuna matarsa Kausar da cikinta.

"Baba Alhaji, ba ni awa guda. In ban sauke ba, ni da kaina zan kawo ma shi."

Ya haye tirela da guduma, ya ɓare katakon gefe. Bashir makanike ya leƙa ciki, sannan ya ce motar lantarkin da ke juya injin da babbar ƙafarsa noti goma sha shida ne kawai ke riƙe da su; in an kwance su, nauyin zai ragu. Suka duƙufa. Noti na ƙarshe ya ƙi, sai da Maccido ya taka sifana da ƙafa ɗaya, ya saki.

"Ka gani? Ga inda nauyinka ka da amfani," in ji Iliyasu.

Iliyasu ya zana layi a ƙasa da tsinin ƙarfe, ya ce kada wanda ya ƙetare. Ya fara sauke ƙananan sassan da aka kwance. Da ya zo kan gangar jikin injin, sai kowa ya zuba ido. Ƙarafa suka shiga, sarƙa ta miƙe, injin ya tashi. Tayoyi huɗu na nan daram a ƙasa. Ya ja baya, ya sauko da kayan dab da ƙasa, ya tafi da shi kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono, har cikin rumfa.

Leburori suka ɗauki tafi. Ladan bai ko kira sallar la'asar ba.

Alhaji ya zagaya injin sau biyu, yana shafa fentinsa. Bai sake neman makulli ba.

Iliyasu ya tada mota zai kai ta inuwa. Maccido ya kama ƙarfe zai ɗale baya, kamar yadda ya saba. Alhaji ya cafko rigarsa.

"Sauka ka tai da ƙafa," ya ce. "Direba ya hana."