Tsuntsu a Sahun Baya

Ruwan ya sauko ne daidai lokacin da mai hoto yake kafa ƙafafun kyamararsa a filin waje, sai kowa ya sungumi kujerarsa ya ruga cikin zauren wasa. Can kuma babu wuta. Ɗan hasken da ke akwai ta tagogin sama yake zurarowa, su ma tantabaru sun ɓata rabinsu.

Kowace shekara shi yake ɗaukar hoton ƙungiyar ƙwallon kwando ta unguwar, a wanke shi babba, a sa a firam, a rataye a barandar shiga kusa da na shekarun baya. Tsarin bai taɓa canzawa ba. Manya a kan kujeru a gaba, ciyaman a tsakiya, koci a damansa. Gajerun 'yan wasa a tsaye bayansu. Dogaye a sahun ƙarshe, hannu a baya, ƙirji a gaba. Duk wanda ya bi ta barandar ya san yadda ake karanta hotunan ko ba a koya masa ba: na tsaye su ne masu wasa, na zaune sun gama nasu.

Bana har da ƙanensa. Tsuntsu ake ce masa, don in ya yi tsalle zuwa kwando sai ka ce ya manta hanyar saukowa. Tun da mota ta buge shi a kan babur aka sa masa ƙarfe a gwiwa, ya shige ɗaki ya juya fuska bango. Abokai su zo, ya yi barcin ƙarya. Inna ta kai abinci, ta dawo da kwanon yadda ta kai shi. Sai yau da safe, ba wanda ya roƙe shi, ya fito tsakar gida a kan sanduna, rigar ƙungiya tana reto a jikinsa, ya ce, "Yaya, ka tafi da ni." Inna ta biyo mai hoto har ƙofa ta riƙe masa hannun riga. "Ka ga ya fito. Don Allah kada ka bari wani abu ya mayar mini da shi ɗakin nan."

Ana jera kujeru koci ya jawo ɗaya kusa da tasa ya bubbuga ta. "Tsuntsu, zo nan. Yau kusa da ni za ka fito."

"Koci, kujera ai ta tsofaffi ce."

Ciyaman ya gyara zaman tabaransa. "Ku ji mini ɗan nema! Mu ne tsofaffin?"

Aka yi dariya, ban da Tsuntsu. Ya dogara har sahun baya, ya shiga tsakanin kyaftin da wani dogo da ake kira Fal-waya, ya miƙa sandunan aka kwantar da su bayan katifun atisaye. Kyaftin ya kai hannu ta baya zai riƙe masa ƙugu.

"Cire hannunka. Wallahi wanda ya taɓa ni, na fita daga hoton."

Kyaftin ya cire.

Mai hoto ya sunkuya a kan jakarsa. Ya ajiye gilashin kyamarar nan mai kwaso faɗi, don yana ja wa na gefe kai har ya koma kamar gwanda. Ya ɗaura matsakaici, ya yi ta ja da baya sai da gadon bayansa ya taɓa bango, sannan kowa ya shiga. Sauran aikin hannunsa ya san shi. In ana son sahu uku su fito tas, daga hancin ciyaman har kunnen na baya, sai an tsuke ƙofar haske ta koma lamba takwas. Ƙofa in ta tsuke, haske kaɗan take sha, sai kyamara ta daɗe ido buɗe kafin ta ƙifta. A waje da rana wannan ba komai ba ne. A cikin duhun nan kuwa, duk wanda ya motsa kafin ta ƙifta, hayaƙi zai zama. Ya ƙara mata ƙarfin jan haske har inda ya san in ya wuce, hoton zai yi yashi-yashi. Filasharsa ƙarama ce, goshin ciyaman kawai za ta haska ta bar na baya a rami.

"Kowa ya tsaya cak. Har numfashi. Ɗaya, biyu..."

Kyamara ta buɗe ido, ta daɗe, ta rufe. Ya duba ɗan allon bayanta ya matso da hoton. Ciyaman tas. Koci tas. Fal-waya har ƙurjin haɓarsa ya fito. Tsakaninsa da kyaftin kuwa riga ce da lambarta ta fito biyu-biyu, da fuska kamar an shafe ta da babban yatsa.

"Wani ya ƙifta ido," in ji shi. "Mu sake."

Aka sake. Haka.

"Fal-waya, rufe bakinka mana."

"Ni? Mai hoto, tun da aka haife ni ban taɓa rufe baki irin na yau ba."

Aka sake, aka kuma sakewa. Ya ɗora laifin a kan igiyar takalmin wani, ya ɗora a kan wuyan rigar ma'aji. Sahun tsakiya suka fara guna-guni, wani ya ce ko kyamarar ce take jin sanyi. Shi dai idonsa na kan ƙanensa. Gumi ya jiƙa wuyan rigar. Duk nauyin jikin a kan ƙafa ɗaya yake, kuma ƙafar mai lafiyar ce take rawa, 'yar rawa ƙarama wadda ido ba ya kamawa amma kyamara ba ta yafewa. Kowane sakewa ƙara masa gajiya yake, gajiyar tana ƙara rawar. A sama kuma tagogin suna ta yin toka-toka.

"Yaya." Muryar ta fito daga baya, a hankali. "Ni ne ko?"

"Ba kai ba ne."

"Ka faɗi gaskiya."

"Na ce ba kai ba ne. Ɗaga haɓa."

Koci ya taso ya zo kusa da kunnensa. "Mai hoto, ni ma ina da ido. Ko dai ka lallashe shi ya zauna, ko ka bar shi a haka. Mutum ɗaya ne, wa zai lura?"

Wa zai lura. Mai hoto ya ga ƙanensa tsaye a barandar nan gaban firam, yana neman kansa a cikin abokansa, ya tarar da hayaƙi. Ya kuma ga shi zaune kusa da ma'aji, hannu a kan gwiwa. Duka biyun ƙofar ɗaki ɗaya suke kaiwa.

"Malam, muna da wurin zuwa fa," in ji ciyaman, yana duba agogo. Shi ya ba mai hoto aikin nan tun farko, shi yake haɗa shi da makarantu da sauran ƙungiyoyi, kuma mutum ne mai son fuskarsa. Bara sai da aka sake wanke hoto saboda inuwa ta faɗo masa a kumatu.

"Na ƙarshe, ranka ya daɗe."

Yatsansa ya hau kan ɗan juyin ƙofar hasken. Ya murza, takwas ta wuce, biyar ta wuce, huɗu, har ƙofar ta buɗe iyakarta. Haske ya shigo da yawa, kyamara ta samu saurin da rawar ƙafa ba za ta cim mata ba. Amma buɗaɗɗiyar ƙofa sahu ɗaya take iya riƙewa, sauran sai su narke. Ya ɗauke saitin daga tabaran ciyaman, ya haura da shi ta kan gajeru, ya ajiye a kan idon Tsuntsu na hagu.  

"Ku dube ni. Ƙirji a gaba."

Ƙit. Kafin a ce me, an gama.

Ciyaman ya zo ya leƙa ɗan allon daga nesa, inda kowa yake kamar ƙwayar wake. "To, madalla. Ka wanke shi ya fi na bara girma." Ya nemi mai riƙe masa lema ya fita.

Sai a lokacin Tsuntsu ya yarda kyaftin ya kawo masa sanduna. Ya zo ya jingina da bango kusa da yayansa, yana haki, leɓensa ya bushe.

"Mu gani."

Mai hoto ya miƙa masa kyamarar. Wanda ya tashi gida ɗaya da mai hoto ba a nuna masa inda ake dannawa. Ya matso da sahun baya. Ga su nan reras, dogaye, kafaɗa da kafaɗa, shi a tsakiya, har ɗigon gumin da ke kan girarsa ana gani. Ya daɗe a wurin. Sannan ya gangara ƙasa, ya wuce gajeru da suka ɗan yi laushi, ya iso kan kujeru.

"Yaya, ciyaman ba shi da fuska."

"Yana da ita a na bara."

"Zai kore ka."

"Zai kore ni."

Ruwa yana ta dukan kwano. 'Yan wasa suna ta tattara kujeru, Fal-waya yana rantsuwa shi bai buɗe baki ba. Tsuntsu ya sake haurawa sahun baya ya ƙara dubawa, bai mayar da kyamarar ba.

"Yaushe za ka kai wanki?"

"Gobe da safe."

"Ka tashe ni. Kada su rage mini tsawo."