Karkatar Aska ta Shida

Rigar da aka dawo wa Maikano da ita mai aska takwas ce, ta wani ɗan takarar kansila daga Dagumawa. Mai rigar ya ce ɗinkin ya karkace. Shekara arba'in Maikano yana ɗinkin hannu a Wudil, ba a taɓa dawo masa da aiki ba. Ya duba ta a rana, ya duba a inuwa, bai ga komai ba.

Babban ɗansa Labaran ya ce ido ne ya gaji, a ajiye allura haka nan. Har ya yi wa wani tela alkawarin zauren da Maikano ke ɗinki a ciki. Maikano ya ce babu mai tayar da shi sai ya ga karkatar da idonsa.

'Yarsa Safiyya, wadda ta dawo hutu daga jami'a, ta ɗauki hoton wuyan rigar ta sa a kwamfutarta. Allon ya yi masa ƙanƙanta. Ta ce da za a jona da talabijin irin na yanzu, zare ɗaya ma zai fito. Da hantsi suka nufi shagon Gwadabe mai kayan lantarki, Labaran na biye da su yana tsaki.

Gwadabe ya fara da mafi girma, ya ce irinta ce a falon manya. Safiyya ta leƙa baya, ta sami kafar jonawa, ta soka wayar kwamfutar. Hoto ya fito, amma ya baje, tambarin ɗinkin da ke zagaye ya koma kamar ƙwai.

"Wannan maƙaryaciya ce," in ji Maikano. "Cire."

Ta biyu ta ƙara wa launi wuta. Maikano ya zaro zaren tsamiya daga aljihu ya kara a jikin gilashin. Nasa ruwan ƙasa ne, na ciki ya koma ja. Gwadabe ya yi dariya ya ce masu kallon ƙwallo haka suke so.

"To, ni ƙwallo na ce maka ina ɗinkawa?"

Ta uku ƙarama ce, tana can ƙasa da ƙura a kanta. Safiyya ta jona, ta taɓa 'yan maɓallai, ta ƙara girman hoton. Launi ya zo daidai da zaren hannunsa. Maikano ya tsuguna, ya bi askar farko da yatsa, ya wuce ta biyu. A ta shida yatsan ya tsaya. Layin ya kauce da kaurin zare uku, ya tafi a haka har ƙasa.

Labaran ya sassauta murya ya ce, "Baba, ka gani ko? Mu tafi gida."

"Na gani. Abin da na gani kuwa zan iya gyara shi." Ya miƙe ya karkaɗe gwiwa. "Gwadabe, ɗaure min wannan. Safiyya, kafin ki koma za ki nuna min kafar da ake sokawa da yadda ake ɗaukar hoton."

Labaran ya tambaya me zai ce wa telan.

"Kai ka yi masa alkawari, ba ni ba."

Kafin azahar talabijin tana kan benci a zaure, hoton askar ya cika ta. Maikano ya shimfiɗa rigar a cinya, ya ɗauki reza, ya fara farke ɗinkin daga sama.