Baƙin Salatif a Kan Fitila

Ɗayyabu bakanike ne a Unguwar Shanu. Shekara ashirin da ɗoriya yana kwanciya a ƙarƙashin motoci, kuma duk duniya ba abin da ya tsana kamar a koya masa aiki.

Wata Talata Jamaluddeen, mijin ƙanwarsa Nafisat, ya kawo a-kori-kurar da yake ɗauko masara da ita daga Katabu. Wata 'yar fitila ruwan ɗorawa ce ta kama a gaban sitiyari, mai hoton mota tana zamewa, ta ƙi mutuwa.

"Yaya, a duba min ita," in ji Jamaluddeen. "Wanda ya sayar min ya ce akwai na'ura a ciki. In mota ta fara santsi, ita ke taka wa tayoyin birki ɗaya-ɗaya, ta daidaita ta kafin ta kife. Wai in fitilar nan ta zauna a kunne, to na'urar ba ta aiki."

Ɗayyabu ya ja tsaki. "Wato mota ta fi direba hankali ke nan? Tarkacen Turawa ne kawai."

Ya leƙa ƙasa. Ya gani fa, da idonsa ya gani: wata waya ce ta tsinke a bayan tayar hagu. Amma sai an je kasuwar Panteka neman sabuwa, ga motoci uku na jiransa. Sai ya yanko baƙin salatif ya manne fitilar, yadda yake yi wa kowa.

"Ga ta nan, ta mutu."

Jamaluddeen ya yi 'yar dariya ya karɓi makulli. Wa zai tsaya musu da yayan matarsa?

Bayan mako uku, da la'asar, an ɗauke ruwa ke nan, wani ɗan acaba ya faɗo wa Jamaluddeen kan titi dab da Katabu. Ya murɗa sitiyari. Bayan motar babu kaya, sai ya kwashe a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, motar ta wuntsila har sau uku. Bai mutu ba, amma daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin komai.

A asibiti Nafisat na gaya wa masu dubiya, "Ƙaddara ce. Motar lafiyarta ƙalau, Yaya da kansa ya duba ta."

Jamaluddeen ya juyo da ido ya kalli Ɗayyabu, ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ce, "Ƙalau take."

Wallahi da zaginsa ya yi, da ya fi wa Ɗayyabu sauƙi. Rufin asirin nan ya ƙona shi.

Da aka jawo ragowar motar garejinsa, Ɗayyabu ya zura hannu ta fasasshen gilashi, ya ɓare salatif ɗin da farce. Ya haɗa batir, ya murɗa makulli. Fitilar ta kama.