Gaisuwar Motar Renchin

"Ƙarfen nake so, Tsermaa, ba ke ba," in ji Renchin ta saman shingen katakon da ya raba gidajenmu.

Ina tsaye da bokitin toka a hannu, saura kaɗan in juye masa a ka. Ƙarfen da yake nufi shi ne na yanka haƙori a cikin ramin noti. Ina da su jeri guda a akwati, tun zamanin da nake aikin sassaƙa ƙarfe a masana'anta, shekara ashirin da shida. Duk unguwarmu ta tantuna da ke gefen dutse a arewacin birnin Ulaanbaatar an san dokata: ƙarfen ba ya barin gidana sai da hannuna a jikinsa. In ya karye a cikin rami a hannun wanda bai iya ba, an shiga uku. Na gaya masa haka. Ya ce mace ba ta taɓa kwanciya a ƙarƙashin motarsa ba, kuma ba yanzu za a fara ba. Na ce to ya yanka da haƙoran bakinsa, in akwai saura.

Motar tsohuwar a-kori-kura ce shuɗiya, da ita yake kai wa mutane kwal da itace. A ƙofar gidana akwai wani kwari da ruwa ya zaizaye. Shekara goma sha ɗaya, kullum da sassafe sai gaban motar nan ya faɗa ciki ya yi ƙwaram, har kofunan da ke kan kantata su amsa. Sifirin ɗin gaba ya tsage, robobin sun cinye, kowa ya sani. Na yi magana har na gaji. Amsarsa ɗaya ce, wai motar gaishe ni take yi, ni ce ba ni da tarbiyyar amsawa.

Sai ga shi a kakar bana, ba wanda ya roƙe shi, ya ɗaga gabanta a kan jak da kututture. Shi kaɗai ya sauke sifirin, ya sa wani, ya canja robobi da shokazoba. Saura noti guda, wanda ke riƙe kan sifirin a jikin shasi. Ya sa shi a karkace, ya bi shi da sifana da ƙarfin tsiya, ya cinye haƙoran ramin tas. In babu notin nan motar ba za ta taka ko nan da ƙofa ba.

Wannan ne ya fi ba ni haushi. Renchin fa! Mutumin da ya ishi direbobin unguwa da wa'azin cewa noti sai ya yi juyi uku da yatsa kafin sifana ta taɓa shi. Na ce a raina girman kai ne ya kai shi, bari ya ɗanɗana.

Kwana huɗu ina jinsa ta bayan shinge. Ya naɗa waya a notin, bai kama ba. Ya cusa ɓallin gwangwani, bai kama ba. Ya taka da ƙafarsa har wurin mai walda a gindin dutse, aka ce ya kawo motar. Ni kuwa na dafa shayin madara na sha ni kaɗai, ina jira ya zo ya ce, "Tsermaa, zo ki yi." Kalma huɗu kacal. Bai zo ba.

Rana ta biyar da hantsi na ji noti yana faɗuwa a kan farantin ƙarfe. Ya faɗi, a ɗauka, ya sake faɗuwa. Da na ƙirga bakwai na yar da tsintsiya na zagaya, bakina cike da zagi.

Na same shi zaune a ƙasa, ya jingina da taya. Ya riƙe notin tsakanin tafukansa biyu, yadda ake riƙe kofi mai zafi, don yatsun sun ƙi rufuwa. Farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa, cikinsa kuma ya kumbura. Kullum ta saman shinge nake ganinsa, da hula har gira, ina kallon motar ba shi ba.

"Tun yaushe?" na ce.

"Tun bazara. Hanta ce."

Ya ce likita ya gaya masa ko ya ga ƙanƙarar farko ta hunturu ko kada ya gani. So yake ya koma Tariat inda aka haife shi, tafiyar kwana biyu a irin tuƙinsa, ya ga tafkinsu da idonsa, a binne shi kusa da mahaifiyarsa. Na ce ina Ganzorig, ɗansa da ke aikin haƙar ma'adinai a kudu? Ya ce in yaron ya ji, asibiti zai kai shi, ya ƙare yana kallon bango. Na ce motocin haya sun ƙare ne a ƙasar?

"Da ita na shigo garin nan," ya ce. "Da ita zan fita."

Na zage shi, ba na ɓoyewa. Na ce masa tsohon banza, mai taurin kan tsiya, ya bar ni kwana huɗu ina shan shayi alhali kwanakinsa ne ke zuba. Ya saurare ni har na ƙare, sannan ya ce ai ni ma ban tambaya ba. Na je na ɗauko akwatina.

Da na shimfiɗa kwali na kwanta a ƙarƙashin motar, sai ya juya fuska wajen shinge. Ramin ya lalace fiye da gyara, dole a faɗaɗa shi a yanka sabon haƙori. Na huda shi a hankali, na ɗiga mai, na kafa ƙarfen a miƙe. Rabin juyi gaba, kaɗan baya don ɓarɓashin ya fito. Tsatsa na zubo mini a ido, gwiwoyina na ciwo, ina yi ina masifa. Ramin ya fito sumul, amma yanzu yana bukatar noti mafi kauri, kuma babu shi a gidansa ko nawa. Washegari na wuni a kasuwar kayan mota da cunkoson hanya kafin in samo.

Da yamma na kafa notin a bakin ramin. Daga kan kujerarsa ya ce, "Juyi uku." Na ce ya rufe mini baki. Na yi ukun da yatsa, notin ya shige kamar an shafa masa man shanu, sannan na ɗaure da sifana.

Rana ta bakwai da safe muka loda jakarsa, da bargo, da tulun shayi. Ya sa ƙafa a matakin mota, jikin ya ƙi tashi. Ya sake, ya ƙi. Na tura shi ta baya har ya zauna. Ya kama sitiyari, ya tada inji, ya nemi taka kuloci, ƙafar ta kasa dannawa. Ya daɗe a haka, injin na ruri. Daga baya ya kashe ya ce in taimaka masa ya sauko. Ni ban iya tuƙi ba. Na yi wa motoci noti fiye da dubu, ban taɓa zama a bayan sitiyari ba.

Na kira Ganzorig a waya ba tare da na nemi izini ba. Renchin ya ji ni, ya wuni yana fushi da ni.

Rana ta tara da hantsi ina tafasa masa shayi a tantinsa, ya ce in buɗe ƙofa. Daga gadonsa ana hango gaban motar.

"Kin ɗaure shi sosai?"

"Aikina ba irin naka ba ne," na ce.

Ya yi 'yar dariya ta hanci. Na juya na tace shayin, na zuba a kofi, na kawo. Ko da na iso ya riga ya tafi. Ganzorig ya shigo bayan azahar, da ƙurar hanya a takalmansa.

Maƙwabta suka yi ta cewa ba laifina ba ne, kwana ne ya ƙare. Har su ma haushinsu nake ji, don na iya lissafi. Mutumin da ya taka har gindin dutse ya dawo a rana ta uku zai iya taka kuloci. Ina jin haushinsa da ya ƙi faɗin kalma huɗu, ina jin haushin kaina da na zauna jiransu. Har yau ban san wanda ya fi wani taurin kai a cikinmu ba.

Ganzorig ya so a binne mahaifinsa a maƙabartar bayan gari. Na ce sai dai a bi ta kaina. Na gaya masa komai, har da kwana huɗun, ban rage ba. Ya tashi ya je wurin lama, malamin addininmu, aka tsayar da ranar tafiya Tariat.

Ranar da safe Ganzorig da maƙwabta suka ɗora akwatin gawar a bayan motar, suka ɗaure da igiya, suka rufa bargonsa a kai. Ganzorig ya hau ya tada inji. Na tsaya a ƙofata da kwanon madara da ludayi, in watsa a bayansu kamar yadda ake yi wa matafiyi. Motar ta fito a hankali, ta nufo kwarin. Kafaɗuna suka ɗaga da kansu, suna jiran ƙarar.

Gabanta ya sauka cikin kwarin, ya taso, ya wuce. Ko ƙis ban ji ba.

Har ta sha kwana ludayin na cike a hannuna.