Ranar da Kawu Ya Fito

Moyna ta ɗora ƙafa a kan katakon hawa jirgin ruwa ke nan, da kwandon kifi a ka, sai Tofazzal matuƙi ya tare mata hanya da ƙirjinsa.

"Ina zuwa?"

"Baffa, barka da asuba."

"Ba gaisuwa na tambaye ki ba. Liton! Kai Liton, zo nan! Wannan ce mai girkin da ka ce ka samo mana?"

Liton ya taho yana gyara malafarsa. Shi ne jagoran baƙi a jirgin, kuma ɗan ƙanwar uwar Moyna ne. Tun da tsohon kuku ya tafi Dubai Liton yake ta naci a wajen mai jirgi ya ɗauki Moyna, har ya samu ya yarda.

"Baffa, mai jirgi ya amince fa. Ka taɓa cin miyar ƙaguwarta? Sai ka lashe har gwiwar hannu."

"Mai jirgi yana kwance a Khulna ƙarƙashin fanka. Ni zan shiga daji da ita, ba shi ba."

Duk gaɓar Mongla babu wanda bai san labarin Moyna ba. Mijinta Sobhan mai ɗiban zuma ne, ya shiga dajin Sundarban wata bazara damisa ta ɗauke shi, abokan tafiyarsa suka dawo da zaninsa kawai. Mu a nan ba ma kama wannan suna, sai dai mu ce Kawu. Kuma duk matar da mijinta yake daji ta san ƙa'ida: ba ta rufe ƙofa, ba ta shafa mai a ka, ba ta taje gashi har ya dawo. To, surukar Moyna ta rantse ta ga gashinta yana ƙyalli a ranar. Zufa ce ta matar da ta wuni tana sussuka, amma wa ya tsaya jin wannan? Aka ce ita ta kira Kawu. Aka daina gayyatarta biki. Masunci in ya yi arba da ita da sassafe, sai ya juya gida ya ajiye tarunsa. Ita kuwa tun daga lokacin mataji bai sake ratsa kanta yadda ya kamata ba, gashin ya cukurkuɗe a ƙarƙashin gefen sarin da take lulluɓe kai da shi. Abin da ya rage mata shi ne jan raga cikin ruwan gishiri har ƙirji, tana kamun 'ya'yan jatan lande, har fatar ƙafafunta ta tsattsage. Aikin jirgin nan ne kaɗai zai fitar da ita daga wannan ruwa.

Baƙi sun fara saukowa daga mota, don haka Tofazzal ya rage murya.

"Yau kaɗai. Wallahi ko cokali ne ya faɗa ruwa, in muka dawo kin sauka ke nan. Kuma kada ki fito min saman jirgi."

"Na ji, Baffa."

Mutanen birnin Dhaka ne, da huluna da tabarau da man shafawa na kare rana. Abin da kullum yake ba mu mamaki da su ke nan: mu muna roƙon Allah kada ya haɗa mu da Kawu ko a mafarki, su kuwa sun baro gidajensu masu sanyi sun biya kuɗin jirgi musamman don su gan shi. Ga shi sunan ba ya yi musu nauyi a baki. Duk sanda wani ya ce "damisa", sai Tofazzal ya yi tofi a ruwa. Kafin jirgi ya bar babban kogi yawunsa ya kusa ƙarewa.

Wanda ya fi kowa ambato shi ne wani Mahbub, mai kyamara doguwa kamar taɓarya.

"Malam jagora, yau dai za mu gan ta ko? Wannan ne zuwana na nawa, kullum barewa, kullum biri."

"Yallaɓai, sai an dace. Amma akwai wani sawu da zan nuna maka, sabo fil."

"Wancan sawun naka na bara? Na ɗauke shi hoto har ya gane ni."

Aka yi dariya, har Liton. Gaskiya Mahbub ya faɗa. Tofazzal ya yi furfura yana jigilar baƙi, bai taɓa nuna wa kowa ko da jela ba.

Jirgi ya kutsa cikin daji. Itatuwa suka rufe gaɓa hagu da dama, saiwoyinsu sun tsittsiro daga laka suna kallon sama. Wani kada yana shan hantsi baki buɗe, bai ko motsa ba. Moyna ba ta ga wannan duka ba, tana ƙasa a ɗan lungun girki tana fere albasa, ƙarar inji na dakan kunnenta. Can sai ga wata mata ta leƙo tana bin ƙanshi, Dilruba matar Mahbub. Ta tsuguna a bakin ƙofa ba tare da tsoron ɓata kayanta ba, ta roƙi a ɗanɗana mata miya.

"Kai, 'yar'uwa! Wannan hannu naki, mijinki ya more."

"Daji ya riƙe shi, Yaya."

Dilruba ta ce Allah ya jiƙansa. Ba ta ja da baya ba, ba ta tofa komai ba, kuma Moyna ta lura da haka. Iskar kogi ta hargitsa wa baƙuwar gashi, sai ta ciro mataji da 'yar kwalbar man kwakwa daga jaka tana gyarawa. Ta miƙo kwalbar.

"Ki taɓa mana, iskar nan tana busar da kai."

Moyna ta janye hannu kamar garwashi aka miƙo mata. "A'a, Yaya. Na gode."

Wajen azahar Mahbub ya hango wata siririyar mashiga a hagu, ya dage sai an shiga. Ruwa ya riga ya fara janyewa, kuma Tofazzal ya san haka. Amma da Mahbub ya ce wani matuƙi ya taɓa shiga da shi irin wannan wuri, "shi da yake gwani ne", sai tsohon ya murza sitiyari ya shiga.

Ba su yi nisa ba jirgi ya yi wani irin gurnani, ya girgiza, inji ya mutu. Cikinsa ya zauna a laka, farfela kuma ta nannaɗo wani tsohon taru. Ba gaba ba baya sai ruwa ya dawo.

"Na faɗa!" Muryar Tofazzal ta cika dajin. "Liton, ban faɗa maka ba? Tun ina saurayi nake ratsa ruwan nan, laka ba ta taɓa kama ni ba sai yau da ka kwaso mana ita!"

"Haba Baffa, ita ta riƙe sitiyarin?"

"Rufe min baki! Muna isa Mongla ta kama gabanta."

Moyna ta ji komai daga ƙasa. Ba kuka ne ya zo mata ba, gajiya ce tsantsa. Ƙafafunta har sun fara jin zafin ruwan gishirin gobe. Ta gama wanke kifi, ta ɗauki kwanon ruwan ta hau ta bayan jirgi don ta zubar, inda babu kowa.

Baƙi duk suna gaba sun yi jugum. Mai gadin daji da aka haɗa su da shi yana gyangyaɗi, bindiga a cinya. Da inji ya mutu dajin ya yi tsit, sai wani biri can sama da yake ta wani irin tari ba ƙaƙƙautawa. Moyna ta karkata kwano, ta ɗaga ido.

Kawu ne kwance a ƙarƙashin ganyen kaba, tsakaninsa da jirgin bai kai jifa ɗaya ba, kansa a kan ƙafafunsa na gaba. In ba don kunnensa ya motsa ba, da ta ɗauka inuwar ganye ce a kan jar ƙasa.

Tunanin farko da ya zo mata shi ne ta sauka ƙasa ta yi shiru da bakinta. In aka ji Kawu ya fito a ranar farko da ta taka jirgi, to maganar surukarta ta tabbata har abada, ba a Mongla kaɗai ba. Bai isa ya taɓa kowa ba matuƙar duk suna cikin jirgi. Zai gaji ya tafi, babu wanda zai sani.

Sai ta ji takun ƙafa. Tofazzal ne, ya tattare zaninsa ya ɗaure a ƙugu, da wuƙa a hannu, yana ƙunƙuni.

"Ba na ce kada ki fito ba? Matsa min, in sauka in yanke tarun nan."

Ya ɗaga ƙafa ya tsallakar da ita gefen jirgi. Kan da yake ƙarƙashin kaba ya ɗago a hankali.

Moyna ta saki kwano, ta damƙi rigar tsohon da hannu biyu ta fizgo shi, suka zube tare a kan katako.

"Ke mahaukaciya ce?"

"Baffa," ta ce da raɗa, "Kawu."

Ta nuna da haɓa. Tofazzal ya duba, bakinsa ya buɗe, wuƙar ta sulale daga hannunsa.

Ƙarar kwanon ta jawo Liton, Liton ya ɗaga hannu ya yafito sauran, suka taho a sanɗa. Mai gadi ya farka ya gyara bindiga, Dilruba ta dafa hannunsa. Kawu ya miƙe, ya yi miƙa kamar wanda ya gama barcin rana a tsakar gidansa, ya fito fili sarai a kan laka. Rana ta sauka a gadon bayansa. Ya tako har bakin ruwa, ya sunkuya ya sha, ya ɗago da ruwa na ɗiga daga gashin bakinsa. Babu abin da ake ji sai ƙyas-ƙyas ɗin kyamarar Mahbub, shi kansa yana ɗauka hawaye na zubo masa.

Moyna ta tsaya ta kalle shi da kyau. Ta daɗe tana jin cewa duk ranar da suka haɗu zai gane ta, zai kafe ta da ido kowa ya gani. Ko kallonta bai yi ba. Ya duba wurin da ƙafar Tofazzal ta so sauka, ya ga babu komai, ya juya ya shige kaba yana kaɗa jela. Bai san ta ba, bai san Sobhan ba, ba shi da labarin gashin kowa. Wani sanyi ya ratsa ƙirjinta irin wanda ta manta da shi, har ta ji dariya na neman ƙwace mata.

Jirgi ya ruɗe da ihu. Mahbub ya rungume Liton, ya rungume mai gadi, ya zo kan Tofazzal da yake zaune har yanzu yana shafa ƙafarsa.

"Wa ya fara ganin ta? Wa?"

"Mai girki," in ji Liton, da ƙarfi yadda kowa zai ji.

"Wallahi ƙafarki da albarka!" Dilruba ta riƙo hannayenta masu ƙarnin kifi. "Daga yau duk jirgin da ba ki ciki ba ma hawa."

Tofazzal yana nan zaune har ruwa ya dawo ya ɗaga jirgi, aka jawo tarun da sanda daga sama. Sai da aka raba abinci ya karɓi nasa, ya cinye, ya miƙo kwano ba tare da ya kalle ta ba.

"Ƙara min miyar, 'yata."

Hoto ya riga su isa Mongla ta waya. Da la'asar sakaliya da suka ɗaure jirgi, gaɓa ta cika da matuƙa da 'yan neman fasinja, har da waɗanda suke canja hanya in sun hango ta. Wani mai suna Kalam, da jirginsa ya fi na Tofazzal girma, ya kutso gaba yana washe baki.

"'Yar'uwa Moyna, sannu da hanya! Gobe ina da Turawa, kuma kukuna hannunsa gishiri ya yi masa yawa..."

"Kai Kalam, kauce ka ba mutane wuri!" Tofazzal ya tare katakon hawa da ƙirjinsa, daidai inda ya tsaya da safe. "Mai girkina ce. Kowa ya san ita take kiran Kawu, tun yaushe nake faɗa!"

Haka ne kuwa, tun safe yake faɗa.

Moyna ba ta sauka ba tukuna. Ta je wajen Dilruba da take haɗa jakarta.

"Yaya, man nan na ɗazu, yana nan?"

Dilruba ta ba ta kwalbar har da matajin, ta ce ta riƙe. Moyna ta hau can saman jirgi inda kujerun baƙi suke, inda duk gaɓar za ta iya ganin ta. Ta zauna, ta zame sari daga kanta, ta tsiyaya mai a tafin hannu ta shafa har ƙeya. Hayaniyar gaɓa ta ragu. Tofazzal ya ɗaga kai ya dube ta, ya sunkuya yana gyara igiyar da ba ta buƙatar gyara.

Matajin ya kafe a cikin gashin tun jan farko, haƙori ɗaya ya karye. Ta cire shi ta jefa a kogi, ta ƙara mai, ta ci gaba da tajewa.