Baƙon Safiyar Ulbolsin

Tun da aka binne mijinta Tolegen a ƙarshen hunturu, Ulbolsin ta rasa wanda za ta ciyar. Macen da tukunyarta ba ta sauka daga kan wuta, yau ga ta tana wanke kofin shayi ɗaya tal. 'Ya'ya suna birni, sai dai su bugo waya su ce, "Apa, ki daure ki ci abinci." Ta ci da wa? Da ƙanƙara ta narke sai ta tura kwale-kwalen mijin nata cikin tafki, ta riƙa kafa 'yar ragarsa a gefen kacalla. Ba kifin ne ya dame ta ba, zaman ɗaki ne ya ishe ta.

A nan ta saba da maimak, tsuntsun nan da Allah ya dasa wa ƙafafu can wajen wutsiya. A tudu jan ciki yake yi, amma a ruwa in ya nutse sai ka gaji da jira kafin ya ɓullo. Mata da miji ne, masu jajayen idanu, kuma da bazara ta kankama suka fito da 'ya'ya biyu, baƙaƙe wuluk, kowanne bai wuce dunƙulen hannu ba. Uwar kan goya su a baya tana yawo da su, uban ya nutsa ya kamo ɗan kifi ya miƙa. Ulbolsin takan ajiye filafili ta yi tagumi tana kallonsu har rana ta ɗaga.

Sai dai tafkin ba nasu ba ne su kaɗai. Kowane ƙarshen mako 'yan birni na kwararowa, da kiɗansu da kwalabensu da ihun da ba shi da dalili. Mai ɗaukarsu kuwa ba wani ba ne, ƙanin Tolegen ne, Yerkebulan, wanda ya sayi jirgi mai inji yana jan su a kan wata doguwar roba mai iska. Tun tana amarya Ulbolsin ba ta taɓa kama sunansa ba, Sarkin Gudu take ce masa.

"Jenge!" yakan ƙwala mata kira in ya zo wucewa, wato matar yaya a harshensu. "Kauce mana da kwandon nan naki, kar mu aurar da ke ga kifi!"

"Sarkin Gudu, ka sake matsowa kusa da kacallar nan ka gani, wallahi filafilin yayanka zai sauka a sanƙonka."

Yakan kwashe da dariya ya ƙara wuta.

Wata Asabar ya yanko kwana gab da kacalla don wata yarinya ta ce tana son ganin tsuntsaye. Igiyar ruwa ta taso, uwar ta tsorata ta nutse, 'ya'yan suka watse a cikin kumfa. Ulbolsin ta miƙe tsaye a kwale-kwale tana ihu, amma wa zai ji ta a cikin wannan ƙara? Da kumfar ta kwanta, ɗa ɗaya ne ya rage a kan ruwa. Iyayen suka wuni suna zagaye wurin da wani irin kuka mai tsawo da ke tsinka zuciya.

Washegari da safe Yerkebulan ya zo gidanta, hula a hannu. Ba ta dube shi ba. Amma wanda ya iso ƙofarka da safe ba ya juyawa bakinsa a bushe, ko da shi ya ƙona maka rumbu, don haka ta dire masa shayi da baursak, irin fanken nan nasu, masu zafi ta juya masa ƙeya. Ya ci a tsaye, ya ce, "Ban gan su ba, Jenge, na rantse." Ta ci gaba da goge tukunyar da ba ta da datti.

Ba a jima ba, wata safiya tana cire ƙananan kifaye daga raga, sai ga ɗan da ya rage ya taho yana iyo har jikin kwale-kwalenta. Iyayen suna ƙarƙashin ruwa. Ya ɗaga kai yana 'yar tsuwa, baki buɗe. Ulbolsin ta dube shi, ta dubi bokitin da ke gabanta.

"Kai ma baƙon safe ne," in ji ta. "Wa ya isa ya kore ka?"

Ta miƙa masa ɗan kifi ya haɗiye. Ta ƙara, ya haɗiye. Rabon da ta ji irin wannan daɗi tun Tolegen na da rai.

Daga ranar abin ya zama ƙa'ida. Da ya ji ƙarar filafili zai baro iyayensa ya taho. Baƙin gashinsa ya koma ruwan ƙasa, daga baya ya zube, fuka-fukai masu ruwan toka suka fito, wuya ya miƙe. Uban yakan kamo kifi ya ɗan raunata shi, ya sake shi a gaban ɗan don ya nutsa ya bi. Ina! Ɗan sai ya kalli kifin yana tserewa, ya juya abinsa ya nufo kwale-kwale. Ulbolsin ta riƙa dariya har da tafi, tana jin kanta uwar da ta fi uwa.

Yerkebulan ne ya fara magana, wata rana da ya kashe inji ya matso a hankali.

"Jenge, kin sangarta yaron nan. Jiya jikin jirgina ya zo yana buɗe baki, 'yan birni na jefa masa burodi. Ni dai ban taɓa ganin ya kamo nasa da kansa ba, kuma ba ya tsoron kowa."

"Kai da ka kashe ɗan'uwansa, kai ne za ka koya mini reno?"

Ya tayar da injinsa ya tafi, bai sake ɗago maganar ba. Da ma ya sake!

Kaka ta zo, 'yan birni suka ɗauke ƙafa, kacalla ta bushe. Maimak ba ya tashi tsaye kamar tantabara. Sai ya yi gudu mai nisa a kan ruwa, yana dukansa da ƙafa da fiffike, kafin iska ta ɗauke shi. Iyayen suka riƙa yin haka a gaban ɗan, suna tashi suna dawowa. Wata safiya suka tashi ba su dawo ba. Haka al'adarsu take, manya su yi gaba, yara su biyo baya in ƙarfi ya zo musu.

Ulbolsin ta zuba ido. Ɗan yakan kaɗa fuka-fukai, ya ɗan ruga, sai ya zube ya dawo wajenta, ƙirji cike da kitse. Yunwa ba ta taɓa koransa ko'ina ba, tsoro ma haka. Ranar da ta ga bakin tafkin ya fara yin fari da ƙanƙara da sassafe, sai ta gane abin da hannunta ya yi: in tafkin ya daskare bai tashi ba, tasa ta ƙare.

Ta hana shi kifi. Ta zauna a gida ta toshe kunne, yana can yana kira, har ta kasa, ta koma. Ta daki ruwa da filafili a gabansa tana zaginsa, "Tafi, ɗan banza, tafi ka bi uwarka!" Ya nutse ya ɓullo ta ɗaya gefen, baki buɗe.

Da ta rasa yadda za ta yi, ta taka har gidan Yerkebulan. Ya riga ya janye jirginsa kan tudu ya lulluɓe.

"Sarkin Gudu, mayar da dodon nan naka ruwa. Ka kora mini shi. Ka tsorata shi har ya tashi."

Ya dube ta, ya ga ba wasa a fuskarta. Bai tsokane ta ba, ya je ya ɗauko man fetur.

Ranar ce ta fara shiga jirgin. Suka nufi tsuntsun da gudu, inji na ruri, ita tana buga tsohon kwano da ludayi. Tsuntsun ya ɗago kai, ya ga jirgi, ya taho tarbarsu da murna. Dole Yerkebulan ya kashe inji kada farfela ta markaɗe shi. Suka sake, suka kuma sakewa. Yerkebulan ya yi ihu har muryarsa ta dushe, ya jefi tsuntsun da hula. Tsuntsun ya bi hular ya ɗanɗana ko abinci ce.

"To mu kama shi mu kai gida," in ji Ulbolsin.

"Ki ajiye shi ina, Jenge? A bahon wanka har bazara?"

Duk da haka ya gwada. Amma tsuntsun da ke karɓar kifi a hannu bai yarda hannu ya taɓa shi ba. Ya sari Yerkebulan a tafin hannu har jini ya fito, ya nutse, kuma duk ragar da suka jefa ta ƙarƙashinta yake bi.

Ƙanƙara ta ci gaba da cin tafkin daga gefe. Kowace safiya Yerkebulan yana fasa hanya da goshin jirginsa, ita kuma ta kai kifi, don yanzu hana shi ba shi da sauran amfani. Suna haka har ƙanƙarar ta yi kauri ta tsage jirgin, da kyar suka jawo shi tudu.

Ruwan da ya rage a tsakiya bai fi tsakar gida ba. Safiyar da suka tako kan ƙanƙara, ita da bokiti, Yerkebulan yana biye, suka tarar da gaggafa zaune a bakin ruwan. A lokacin ne tsoro ya shigi tsuntsun. Ya ja da baya, ya rugo da gudu na gaske, yana dukan ruwa da dukan ƙarfinsa, irin gudun da ta yi ta roƙonsa ya yi. Har ƙirjinsa ya fara ɗagawa, sai ruwan ya ƙare. Ya bugi gefen ƙanƙara, ya sulale a kan cikinsa, ya jawo jiki da kyar ya koma ciki.

Ulbolsin ta yi gaba. Ƙanƙarar ta yi ƙara a ƙarƙashin takalminta, tsaga ta gudu dama da hagu. Yerkebulan ya damƙe rigar sanyinta ta baya.

"Ba za ta ɗauke ki ba, Jenge. Na binne yayana bana, ya isa."

"Sake ni. Yunwa yake ji."

Bai sake ta ba. Ta sa hannu a bokiti ta jefa kifi iya ƙarfinta, ya faɗi ya sulala ya tsaya nesa da ruwan. Ta jefa wani, ta jefa wani, hawaye na daskarewa a kumatunta, har bokitin ya ƙare. Ko ɗaya bai kai ba. Tsuntsun ya ga kifayen, ya gan ta, ya riƙa kiranta.

Gaggafa ta tako a hankali ta bi kifayen ɗaya bayan ɗaya ta cinye. Ta goge bakinta a kan ƙanƙara, sannan ta koma bakin ruwan ta zauna.