Tukunyar da Jandira Ta Zuba

Mijina Anésio taurin kai gare shi, kuma ban taɓa ɓoye masa ba. Tun da hannuwansa suka fara rawa, ludayin narkakken ƙarfe ya gagare shi, ya ce kashe wutar gidan zubin tukwanenmu zai yi ya rufe ƙofa. A garinmu Cláudio, inda kowace unguwa da hayaƙin zubinta, wannan abin kunya ne. Shi kuwa ya ce ya yarda a yi masa dariya, amma tukunya marar kyau ba za ta fita da sunansa a gindinta ba.

'Yarmu Jandira ta ce ba ta yarda ba. Ita da ta tashi tana danna yashi a mazubi, me ya rage ba ta gani ba? Suka yi ta ja-in-ja har ya gaji. Ya ce to, ta zuba tukunya ɗaya ita kaɗai, tun daga zaɓen tsofaffin ƙarafa har sanyinta, sannan ya yi mata abin da ubansa ya yi masa: ya fasa tukunyar da guduma ya duba cikin ƙarfen.

Ƙarfen zubi ba ya nuna halinsa a fuska, sai an duba cikinsa. In toka-toka ne, gawayin da ya sha a wuta ya zauna daidai, tukunyar za ta riƙe zafi, jikoki ma su dafa wake a ciki. In fari ne yana walƙiya, an yi gaggawar sanyaya shi, ga tauri ga saurin tsagewa. In fari ya gani, rufewa zai yi.

Ta zuba. Tukunyar ta fito sumul, har na ji haushin abin da za a yi mata. Na ce masa ya yi wa Allah ya bar mini ita, ai ido ma ya isa shaida.

"Zulmira, ke da wakenki," in ji shi. "Matsa."

Ya ɗaga gudumar, ta yi ta rawa a hannunsa, ya kasa saiti. Ban taɓa ganinsa haka a gaban ma'aikata ba. Jandira ta matso.

"Kawo, Baba. Ni na zuba, ni zan fasa."

Ta sauke mata guduma, tukunyar ta dare. Ya tsuguna da ƙyar, ya ɗauki guntu, ya fita da shi rana. Ya juya shi, ya kankara da farce, ya nemi ramin iska ko ɗaya bai samu ba. Toka-toka ne tas, ƙwayarsa lukui kamar garin masara. Bai ce ta yi ba, shi da yabo ai sai a hankali. Ya dai juya ya ce wa ma'aikata gobe su tambayi Jandira abin da za a narka.

Ni kam kuka na yi, kuma ban ji kunyar kowa ba.

Guntun nan bai jefa shi cikin na narkawa ba, a aljihu ya sa. Duk inda ya zauna shan kofi sai ya zaro shi ya ɗora a tebur, ko an tambaya ko ba a tambaya ba. Abokinsa Geraldo ya ce sun gani, sun gaji da gani.

"Sake dubawa," in ji Anésio. "Ni kaina tawa ta farko ba ta kai wannan ba."